Ɗalibi Mai Iyali: Shi Ƙauye Ya Fi Buƙata, Shi Makarantu Ba Su Shirya wa Ba

Mutumin Kaikai, a ƙaramar hukumar Kusada, ba zai ce manyan makarantu sun yi masa nisa ba, in dai maganar tsawon hanya ake yi. Ga makarantar koyon aikin lafiya ta Kankia Iro nan a Kankia, maƙwabciyarsa. In ya miƙe zuwa Dutsin-Ma zai tarar da Kwalejin Ilimi ta Isa Kaita da Jami'ar Tarayya da aka kafa a 2011. In ya bi titin Katsina, ga Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ga Alƙalam, ga Kwalejin Ilimi ta Tarayya, ga kwalejin kimiyya da fasaha ta Hassan Usman Katsina. In kuwa ya bi ta Gidan Mutum Ɗaya ya nufi Kano, Jami'ar Bayero na jiransa. Kafin 2005 babu jami'a ko ɗaya a duk faɗin Jihar Katsina, saboda haka wannan ba ƙaramin cigaba ba ne. Sai dai duk waɗannan makarantu an tsara su ne da mutum iri ɗaya a zuci: saurayi ko budurwa mai shekara 18 zuwa 20, wanda ya fito daga sakandare kai tsaye, ba aure, ba goyo, ba gona, ba wanda ke jiran ya kawo cefane. Ra'ayina shi ne, a yanki irin na Kankia da Kusada, ɗalibin da ya fi amfani ga garinsa shi ne wanda wannan tsari ya manta da shi, wato uba ko uwa da suka koma aji bayan sun tara iyali. Kuma muddin ana kallonsu a matsayin baƙi da aka yi wa alfarma, ƙauyukanmu za su ci gaba da rasa malamai mata da ungozomomi.

Dalilin farko yana cikin yadda rayuwa take tafiya a nan. Binciken ƙasa kan yawan jama'a da lafiyarsu na shekarar 2018 ya nuna cewa a Arewa maso Yamma rabin mata sun yi auren fari kafin su wuce kimanin shekara 16. Binciken ya kuma nuna cewa Katsina ce ta fi kowace jiha yawan haihuwa, inda lissafi ya ba kowace mace 'ya'ya 7.3, alhali na ƙasa baki ɗaya 5.3 ne. Ma'anar wannan a fili take. A shekarun da hukumar shirya jarrabawar shiga manyan makarantu, JAMB, take sa ran ganin yarinya ta zo neman gurbi, yarinyar Kaikai ko Yashe ko Rimaye tana ɗakinta, mai yiwuwa da goyo a baya. Mutum yana iya son wannan hali ko ya ƙi shi, kuma akwai masu ƙoƙarin ganin 'yan mata sun kammala sakandare kafin aure, irin shirin AGILE na Bankin Duniya da Katsina ke cikin jihohin farko da suka shige shi. Ƙoƙari ne mai kyau. Amma ko da ya yi nasara gobe, ba zai mayar da matan da ke da shekara 25 ko 35 yau zuwa 'yan mata ba. Su ne mafi yawa, kuma su ne ke renon yaran da ake fatan su yi karatu. Su ma mazan ba su tsira ba. Da yawa sun tsaya a takardar malanta ta NCE ko difloma saboda mahaifi ya tsufa, ko ƙanne sun taso, ko lokacin aure ya yi, suka kama aikin koyarwa a firamare ko aikin asibitin sha-ka-tafi da niyyar za su koma ƙaro karatu in hali ya yi. Shekara goma ta wuce, halin bai yi ba.

Masu cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi suna da gaskiya a kan tarbiyya, amma ba su da ita a kan neman ilimi, kuma tarihinmu ne shaida. A zaurukan malamai na Katsina da Kano da Zariya, waɗanda ke zama da asuba ko bayan la'asar suna ɗaukar karatun littattafan fiƙihu da nahawu magidanta ne, wasu da furfura, wasu sun aurar da 'ya'ya. Ba wanda ya taɓa tambayar su shekarunsu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, matar aure ce mai 'ya'ya, kuma tsarin 'yan taru da ta kafa ya dogara ne kan jajis, manyan mata da ke zuwa wurinta su ɗauki karatu su koma ƙauyukansu su koyar da 'yan uwansu mata. Ta gane abin da hukumomin yau suke mantawa, cewa wadda za ta koyar da matan ƙauye ita ce wadda take zaune cikinsu. Ko a ɓangaren boko haka abin yake. Abubakar Tafawa Ɓalewa, wanda aka haifa a 1912, yana malamin makaranta magidanci a Bauci ya tafi Jami'ar Landan ƙaro ilimin koyarwa a 1945. Isa Kaita, wanda kwalejin Dutsin-Ma ke ɗauke da sunansa, ya haura shekara 30 sa'ad da ya tafi Exeter a Ingila karatun sha'anin mulki, ya dawo ya zama ministan ilimi na Jihar Arewa. A shekarun 1950 kuma wani ɗan Katsina, Malam Ahmadu Coomassie, shi ne ya ja ragamar Yaƙi da Jahilci, aka riƙa buga wa manyan da suka koyi karatu jaridun lardi, ta Katsina sunanta Himma. Bahaushe ya daɗe da cewa gemu ba ya hana ilimi. Tunanin cewa karatu yana da ƙofar da ke rufewa a shekara 25 sabon abu ne, jadawalin makarantun zamani ne ya kawo shi.

Babbar hujjata kuwa ita ce zama. Duk wanda ya san yadda ake tura ma'aikata ƙauye ya san abin da ke biyo baya. A tura budurwa 'yar birnin Katsina da ta kammala karatun ungozoma zuwa wani ƙaramin asibiti a Kusada, iyayenta ba za su yarda ta kama ɗaki ita kaɗai a garin da ba su san kowa ba. In ta je, za ta riƙa zuwa tana komawa, kuma ranar da aka ɗaura mata aure, takardar neman canjin wurin aiki tana biye. Ba laifinta ba ne, kowa zai yi hakan. Saurayin da ya fito daga ƙauye ya yi digiri shi ma idonsa na kan Kano ko Kaduna ko Abuja, don can ne yake ganin aikin da ya dace da wahalarsa. Amma matar da ke aure a Kaikai, mijinta na noma a Kaikai, 'ya'yanta na firamaren Kaikai, in ta zama ungozoma, Kaikai ta samu ungozoma ke nan har ta yi ritaya. Da tsakar dare aka buga mata ƙofa tana nan. Mai naƙuda ta san ta, uwar miji ta san gidansu, maigidan da ba zai bari namiji ya duba matarsa ba ba shi da abin cewa. Haka malama. Iyayen da ke ɗari-ɗarin barin 'yarsu da ta fara girma a makarantar da duk malamanta maza ne, hankalinsu yana kwanciya in sun san matar wane ce ke ajin. Kuɗin da gwamnati ta kashe kan ɗalibi mai iyali ba ya bin mota ya bar gari.

Wannan ba hasashe ba ne, an jarraba shi a jihar nan. Tun daga 2008, ƙarƙashin shirin ilimin 'ya'ya mata da UNICEF ta gudanar da tallafin gwamnatin Birtaniya, an ɓullo da tsarin ɗaukar nauyin matan karkara su yi NCE a kwalejojin ilimi na jihohinsu, bisa sharaɗin su koma su koyar a ƙauyukansu, kuma Katsina na cikin jihohin da aka fara da su. Daga 2012 zuwa 2020 kuma aka yi shirin Women for Health a Katsina da Kano da Jigawa da Zamfara da Yobe. Shi wannan shiri ya fahimci cewa matar ƙauye ba ta rasa ƙwaƙwalwa ba, kiredit ta rasa a darussan kimiyya da Turanci da lissafi. Sai aka shirya mata shekarar share fage, al'ummarta ta zaɓo ta, a koya mata abin da ya kuɓuce mata, ta sake zana jarrabawa, sannan ta nemi shiga makarantar jinya ko ta ungozoma ko ta aikin lafiya. Aka kuma matsa wa makarantun su tanadi masauki da ya dace da matan aure da wurin renon yara. Ba komai ne ya tafi daidai ba. Nazarin da aka yi kan shirin malamai mata a Bauci da Neja ya gano jinkirin biyan alawus, da ƙarancin masauki, da wahalar masu goyo, da raunin Turanci da ya sa da yawa suka kasa kammalawa a kan lokaci. Amma a dubi waɗannan matsaloli da kyau. Babu ɗaya daga ciki da ke cewa matar aure ba ta iya karatu. Duk suna cewa ne an kira ta makarantar da ba a shirya karɓarta ba. Abin da ya fi damuna shi ne, irin waɗannan shirye-shirye da kuɗin waje suke tashi, kuma in wa'adinsu ya cika, sai abin da aka koya ya dogara ga ko gwamnatin jiha ta ga damar ɗorawa.

Amfanin bai tsaya a wurin aiki ba, yana shiga cikin gida. Binciken nan na 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da iyayensu mata ba su yi makaranta ba, 170 suna rasuwa kafin su cika shekara biyar, alhali ga 'ya'yan matan da suka wuce sakandare adadin 56 ne. Gaskiya ne cewa ba ilimi kaɗai ya kawo wannan tazara ba, domin matan da suka yi karatu mai zurfi sun fi zama a birni, kusa da asibiti, a gidajen da ke da hali. Duk da haka ba a buƙatar wani dogon nazari kafin a yarda cewa uwar da ta san amfanin awon ciki da rigakafi, ta iya karanta abin da aka rubuta a jikin kwalbar magani, ta san lokacin da zazzaɓi ya wuce a jira gari ya waye, tana da makamin da 'yar uwarta ba ta da shi. Kuma yaron da ya tashi ya ga mahaifinsa na bitar darasi da fitila bayan sallar isha'i, ba sai an yi masa dogon wa'azi kan darajar karatu ba.

To, akwai masu ja, kuma ba mutanen banza ba ne. Na farko su ne masu cewa uban da ke da 'ya'ya bakwai, kuɗin da zai biya wa kansa rajista haƙƙin 'ya'yan ne, shi zamaninsa ya wuce. Wannan magana tana da nauyi, musamman tun da aka cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023, kuɗin mota daga Kankia zuwa Katsina ya zama abin da sai an yi lissafi, kuma mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 ba ya kai magidanci ƙarshen wata. In har zaɓin shi ne ko uba ya yi digiri ko ɗa ya zana jarrabawar kammala sakandare, ɗan ne a gaba, ba ni da ja. Sai dai ba kullum zaɓin yake haka ba. A tsarin aikin gwamnati mai NCE yana farawa ne a mataki na 7, mai digiri a mataki na 8, kuma akwai inda ƙarin girma yake tsayawa ga wanda bai ƙaro karatu ba. Malamin da ya kai shekara 38 ya yi digiri, ƙarin da zai samu a albashi da fansho shi ne zai biya wa ƙananan 'ya'yansa kuɗin jami'a nan gaba. Matar da ba ta da sana'a sai ɗan abin da take sayarwa a cikin gida, in ta zama ma'aikaciyar lafiya, gidan ya samu albashi na biyu, kuma ranar da mutuwa ko saki suka zo, yaran ba za su watse a gidajen dangi ba. Wanda ya ga yawan zawarawa da marayun da rashin tsaro ya bari a jihar nan ba zai raina wannan ba.

Wasu kuma cewa suke yi, ga matasa nan da digiri suna tuƙa babur, me tsoho zai je nema? Amsar ita ce ba layi ɗaya suke bi ba. Saurayin da ya karanta fannin da babu mai nemansa yana neman aikin da babu shi. Magidancin da ya koma makaranta galibi yana da aikinsa a hannu, gyara shi yake son yi, kuma ya san ainihin abin da ya rasa, domin ya shekara goma yana tsayawa gaban allo yana jin inda ƙafarsa ke rawa. Matar da ke neman aikin ungozoma kuwa tana neman gurbin da babu mai cike shi. Batun tsufa ma a sake duba shi. Dokar tarayya ta 2022 ta ɗaga shekarun ritayar malaman makaranta zuwa 65, ko shekara 40 a bakin aiki. Bisa wannan ma'auni, malami mai shekara 40 yana iya samun shekara 20 ko fiye a gaban aji. Yara nawa ne za su wuce ta hannunsa a wannan tsawon lokaci? Sa'ad da gwamnatin Dikko Umaru Raɗɗa ta ɗauki malamai sama da 7,000 a 2023, ta hanyar jarrabawa ta tace su, wanda hakan ya nuna ita ma ta san riƙe takarda daban, iya koyarwa daban. Waɗanda aka ɗauka ɗin, da dubban da suka riga su, za su yi aure su haihu in ba su riga sun yi ba. In babu hanyar da za su ƙaro ilimi suna da iyali, to an yanke hukuncin cewa abin da suka sani ranar da aka ɗauke su shi za su koyar har su tsufa.

Hujjar da ta fi shiga zuciyar mutanenmu ita ce ta gida. Ana cewa matar da ta tafi makaranta ta bar miji da yara, tarbiyya ta lalace, girki ya koma hannun 'yar aiki ko kishiya, kuma wasu in sun yi ilimi sai su fi ƙarfin mazajensu. Ba zan ce wannan tsoro ba shi da tushe ba. Yaro mai shan nono yana da haƙƙin da ba a ɗage shi zuwa ƙarshen zangon karatu, miji ma yana da nasa, kuma akwai auren da karatu ya girgiza. Amma a tambayi abin da ya girgiza shi. Mafi yawan lokuta ba littafin ba ne, tsarin ne: an ce dole ta koma wani gari wata huɗu, ta kwana a ɗakin 'yan mata takwas inda ba a yarda da jariri ba, ta zo da 'yar raino ƙarama da aka cire daga tata makarantar ta zauna da yaron a gindin bishiya, ita kuma tana fitowa tsakiyar lacca tana ba shi nono. Wannan ma wani zalunci ne da ba a cika magana a kansa ba, a ilimantar da mace ɗaya ta hanyar hana wata yarinya karatu. In aka kawo karatun kusa, aka rage kwanakin da za ta yi nesa da gida, aka ware ɗaki ɗaya da mai kula da yara a cikin makaranta, rabin abin da maigida ke tsoro ya kau. Sauran rabin kuwa magana ce tsakanin mutum biyu da danginsu, kuma gidan Bahaushe, mai kaka da gwaggo da inna da matan 'yan uwa, ya fi gidan Bature ƙarfin ɗaukar wannan nauyi in an yi shawara da kowa tun farko, ba a wayi gari an ɗora masa ba. Ga mazan da ke hana matansu kuma akwai tambayar da ba ta da mafita: wanda ya ce mace ce kaɗai za ta karɓi haihuwar matarsa, matar wa yake so ta je ta koyo aikin? Malamanmu ba su yi saɓani ba kan cewa ilimin da al'umma ba ta iya rayuwa sai da shi, dole ne a samu waɗanda za su ɗauke mata shi. A garin da kusan duk macen da ta isa wannan karatu tana da aure, ɗaukewar ba za ta yiwu ba sai wani miji ya ce na yarda.

Akwai hujja ta huɗu, kuma ita ce na fi jin nauyinta, domin daga masu kishin ilimi take fitowa. Suna cewa karatun ƙarshen mako da na lokacin hutu da na daga gida ya zama kasuwar kwali: a tara mutane ɗari uku a ɗaki ɗaya, a sayar musu da 'yan takardun darasi, a haɗa aikin wata huɗu cikin mako shida, kowa ya fito da digiri ba tare da ya ƙaru da komai ba. Ƙari a kan haka, malamin da ya tafi ƙaro karatu yakan bar ajinsa ba kowa, yaran talakawa su biya kuɗin cigabansa da nasu lokacin. Duka biyun suna faruwa, kuma wanda ya musa bai san makarantunmu ba. Amma maganin karatu marar inganci shi ne a inganta shi, ba a rufe ƙofar ba, tun da na cikakken lokacin ma bai tsira daga cunkoso da yajin aiki ba. A 2022 ƙungiyar malaman jami'o'i, ASUU, ta rufe jami'o'in gwamnati wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Hanyoyin karatun manya kuwa ba jiya aka fara su ba. Cibiyar Malamai ta Ƙasa da ke Kaduna, NTI, an kafa ta a 1976, shekarar da aka fara ilimin firamare kyauta ga kowa, don a horar da malamai suna bakin aikinsu. Jami'ar Ahmadu Bello ta daɗe tana karɓar malamai a lokacin dogon hutu, wanda shi ne amsar matsalar barin aji, don malamin yana karatu ne sa'ad da yaransa ke gida. Jami'ar karatu daga gida, NOUN, an kafa ta a 1983 zamanin Shehu Shagari, gwamnatin soja ta dakatar da ita a 1984, aka farfaɗo da ita a 2002, kuma Olusegun Obasanjo da ya farfaɗo da ita ya shiga a matsayin ɗalibi, har ya karɓi digirin digirgir a 2018 yana da shekara 80. A Ingila, irin wannan jami'a da aka kafa a 1969 ta yi suna ne saboda ta ƙi sassauta jarrabawarta. Ta sassauta lokaci da wuri, ta riƙe ma'auni. Abin da ake buƙata ke nan: jarrabawar da ɗalibin Asabar da Lahadi zai zana ta zama daidai da ta ɗalibin Litinin zuwa Juma'a, ko da zai ɗauki shekara shida a maimakon huɗu. Mai iyali ba rangwamen maki yake nema ba, lokaci yake nema.

Tun daga bakin ƙofa ake gane ba a sa shi a lissafi ba. Wadda ta bar sakandare shekara goma sha biyu da suka wuce sai ta sake neman kiredit biyar, har da Turanci da lissafi, ta WAEC ko NECO, ko ta hukumar NBAIS in ta ɓangaren Arabiyya ta fito. Sannan ta zana JAMB a kan kwamfuta, abin da mai yiwuwa ba ta taɓa sa hannu a kansa ba, tana gogayya da yaran da suka bar aji watan jiya. Mai NCE ko difloma ya fi ta sauƙi, don yana iya neman shiga kai tsaye zuwa aji biyu. Shi ma asusun ba ɗalibai rance, NELFUND, da ya fara aiki a 2024, abu ne mai amfani, amma dubi yadda aka tsara biyansa: shekara biyu bayan kammala yi wa ƙasa hidima. Wanda ya wuce shekara 30 lokacin da ya kammala ba ya zuwa hidimar, takardar yafewa ake ba shi, haka wanda ya yi karatun wucin gadi ba a tura shi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna wane ɗalibi masu rubuta dokar suke hange.

Abin da Kankia da Kusada ke buƙata bai kai gina sabuwar jami'a ba. Azuzuwan sakandaren gwamnati a Kankia a rufe suke ranakun Asabar da Lahadi da lokacin hutu, kuma ya fi sauƙi malamai biyar su taso daga Dutsin-Ma ko Katsina su zo, da a ce ɗalibai ɗari su bi hanya, balle a yankin da tafiyar yamma ta zama abin fargaba. Sace ɗalibai mata biyar na jami'ar Dutsin-Ma a watan Oktoban 2023 yana nan a zukatan iyaye da mazaje, kuma ba a yi wa mutum gardama kan tsoron da ya ga dalilinsa. Ajin share fage na shekara ɗaya ga matan aure, irin wanda aka riga aka jarraba, ƙananan hukumomin biyu suna iya ɗaukar nauyinsa tare, kowace mazaɓa ta kawo nata, Kaikai da Mawashi da Kafin Soli da sauransu, da alkawarin komawa gida aiki. Jadawalin ma a duba shi. Malamin ƙauye manomi ne, albashinsa ba ya ciyar da gidansa sai da abin da ya noma, kuma dogon hutun makarantu yana faɗowa ne a tsakiyar damina, lokacin da gona ta fi buƙatarsa. In aka raba zaman karatun, wani kaso ya koma rani bayan an kai amfani gida, da yawa da ke janyewa za su tsaya. Mai jego a ba ta damar ɗage zango ɗaya ba tare da ta rasa gurbinta ko ta sake biyan rajista ba. Hutun ƙaro karatu kuma sakataren ilimi na ƙaramar hukuma ya fitar da ƙa'idarsa a rubuce, a manna a kowace makaranta, kowa ya san bayan shekara nawa yake cancanta da kuma wanda zai riƙe masa aji kafin ya dawo, domin muddin ba a rubuce take ba, malamin firamaren ƙauye ne ƙarshen wanda zai samu.